Ruwan da Ba a Rubuta Ba

Abin da ke cikin wannan rubutu daga wurare uku ya fito, kuma ina so mai karatu ya san su tun farko domin ya auna kowace magana da nauyinta. Na farko shi ne hirar da muka yi da Malam Lawali a zauren gidansa da ke Madarumfa a ƙarshen daminar bana, wadda na naɗa a waya da izininsa. Na biyu shi ne abin da na gani da idona, a hutun makarantar da na riƙa yi a shagonsa ina koyon aiki, da kuma a bazarar da ta wuce. Na uku maganganun mutanen wani lambu ne da ke kan hanyar Gabi. Su suka roƙe ni kada in ambaci sunan ƙauyensu, saboda haka na sauya sunayen duk waɗanda ke cikin labarin, har da na Malam. Ban sa shekaru ba, domin Malam ba ya lissafa rayuwarsa da su. Yakan ce "zamanin disket", wato ƙaramin faifan da tsofaffin na'urori ke ajiye rubutu a kai, ko "shekarar da aka rufe iyaka", alhali sau biyu aka rufe iyakarmu da Najeriya a ƴan shekarun nan, kuma ina zaton ya haɗe su wuri ɗaya a tunaninsa. Inda ban tabbata ba, zan faɗa.

Dalilin hirar kuwa ƙanwata ce, Hadiza. Ta ci BAK, jarrabawar gama sakandare, ta samu gurbin karatun informatik a Maraɗi, wato ilimin rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa umarnin da za ta bi, irin wanda ni ma na kammala bara. Sai ƙawayenta suka cika mata kunne cewa sana'ar ta mutu, tunda yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira a cikin waya, wadda mutum zai gaya wa abin da yake so da bakinsa ta rubuta masa umarnin kafin shayinsa ya huce. Hadiza ta ce gara ta bar gurbin ta nemi makarantar ungozoma. Mahaifinmu, wanda noman gero da gyaɗa ya sani, ya kira ni ya ce, "Isuhu, kai ka yi karatun nan. Abin da ka ce shi za a yi." Ni kuwa tun da na gama ban samu tsayayyen aiki ba, sai ƴan ƙananan ayyuka nan da can. In na ce ta je, ina tsoron in tura ta bin abin da ba zai riƙe ta ba. In na ce ta bari, ina tsoron in raba ta da abin da na san kanta yana ja. Rajista kuma tana gab da rufewa. Shi ya sa na ɗauke ta muka tafi wurin mutumin da ya fara koya mini.

Malam Lawali ya manyanta, idonsa ya yi rauni. Yana gane mutum daga nesa, amma ƙananan haruffan allo sun fi ƙarfinsa. A Yamai ya yi karatu, ya taɓa aikin gwamnati na ɗan lokaci, sannan ya dawo gida ya buɗe shago kusa da tasha, yana gyaran ordinatar, wadda ƴan uwanmu na Katsina ke kira kwamfuta, yana kuma rubuta wa ƴan kasuwa da makarantu irin umarnin da aikinsu ke buƙata.

Bayan gaisuwa Hadiza ba ta ɓata lokaci ba. Ta ɗaga wayarta ta ce, "Baba Lawali, ni fa na ce wa Yaya ba sai mun dame ka ba. Abin da kuka yi shekaru kuna koyo, ga shi nan a hannuna."

"Magatakardan naku?" in ji Malam. Haka yake kiran basirar. "Ai ni ma ina da shi. Shi ke karanta mini saƙonni tun da idona ya yi yaji. Allah shi saka wa wanda ya ƙera shi, ɗiyata. Ban taho nan in zage shi ba."

"Ai gidanka ne, Baba. Mu muka taho."

"To kin gani, har kin fara aikin. Rabin sana'ar ke nan, a faɗi magana ki ce ba haka take ba. Zauna."

Aikin farko da ya tuna shi ne wanda bai taɓa na'ura ba wajen yin sa. A makarantarsu ta Yamai, in ji shi, ordinatar ɗaya ce ga aji guda, tana cikin wani ɗaki mai sanyi da ake tuɓe takalmi kafin a shiga. Ɗalibi yakan daɗe yana jira kafin layi ya zo kansa, saboda haka a takarda suke rubuta umarninsu. Malaminsu, wani ɗan Damagaram mai ƙarancin magana, ba ya barin kowa ya shiga ɗakin sai ya tsaya gaban allo ya zama na'urar da kansa. Zai karanta layi ɗaya, ya faɗi abin da zai faru, ya rubuta sakamakon da alli, sannan ya wuce na gaba, ba tare da ya yi wa kansa alfarma ba. Aikin da aka ba Malam Lawali shi ne ya jera makin ɗalibai daga na sama zuwa na ƙasa. Yana tsaye gaban allo ya gano cewa umarninsa yana jefar da ɗalibin ƙarshe, ya ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. "Ni na san abin da nake nufi," in ji shi. "Ita ba ta sani ba. Abin da na rubuta ta sani."

Wannan kam ba sai na nemi shaida ba, domin haka ya yi mini. A hutuna na farko a shagonsa, duk lokacin da na kai yatsa zan danna, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Faɗa mini abin da za ta yi tukuna." In na faɗa daidai ya sake ni. In na kuskure, in koma layin farko. A lokacin na ɗauka tsufa ne kawai da son wahalar da yaro.

Kayan aikinsa na wancan zamani har yanzu suna cikin wani akwatin ƙarfe a zauren, ya sa Hadiza ta buɗe. Akwai disket-disket da zafi ya lanƙwasa, da burushin haƙori da yake share cikin na'ura da shi, da wani littafin Faransanci da bangonsa ya fita, gefen shafukansa duk rubutun fensir. Ya ce babban abokin gabarsa ba ƙwayar cutar na'ura ba ce, tururuwa ce da ƙadangare. Sun fi kowa son ɗumin akwatin wuta. Ya taɓa kwashe yini yana neman kuskure a cikin umarninsa, ashe wutsiyar ƙadangare ce ta haɗa waya biyu. Hadiza ta yi dariya, ta ce to wannan ai aikin mafarauci ne.

Aikin da ya ce ya fi koya masa halin masu kawo aiki shi ne na wani Alhaji mai manyan motoci a Ɗan Issa. Alhajin yana so ya riƙa sanin inda kowace mota take, da ranar da aka sauya mata taya, da ranar da za a zuba mata sabon mai. Malam ya tsara komai bisa lambar mota, ya kai masa. Alhaji ya duba allon ya ce shi bai ga motarsa ko ɗaya ba a ciki. Ashe a garejinsa babu mai kiran mota da lamba. Sunan direban da ya fara tuƙa ta ake sa mata, kuma sunan ba ya sauyawa ko da direban ya koma wata. Motar Ɗan Gwaggo Sale ke tuƙa ta, Ɗan Gwaggo kuma yana tuƙa motar Sale, motar Mamman kuwa mai sunan ya daɗe da rasuwa. Kowa a garejin ya san haka, har mai sayar musu da kunu, shi ya sa babu wanda ya ga dalilin faɗa masa. Malam ya ajiye na'urarsa, ya koma garejin ya zauna kan tsohuwar taya yana sauraren yadda suke magana, har ya gane, sannan ya sake rubutun daga farko.

"Da magatakarda ne, da ya tambayi Alhajin tun farko," in ji Hadiza.

"Da ya tambaya kuwa, yana da ladabi. Amma mi zai tambaya? Ke kin taɓa tambayar mutum ko motar Sale ta Sale ce?"

Daga nan ya zo kan aikin lambun, wanda saboda shi na yi wannan rubutu. Wani shirin taimakon manoma ya haƙa wa ƙauyen rijiyar burtsatse, ya kafa allunan hasken rana da famfo da babban tanki a kan ƙafafun ƙarfe, ya ja bututu zuwa sassa shida na lambun, kowanne da makullin ruwa mai aiki da lantarki. Kafin nan rigimar layin ban-ruwa ba ta ƙarewa. Aka ɗauki Malam ya rubuta umarni ga wani ƙaramin akwati da ke gindin tankin, wanda zai riƙa buɗe makullan bi da bi, kowane sashe da lokacinsa, babu son kai. Sai dai filin da aka kewaye da waya ya tare hanyar wata fadama da shanun Fulanin yankin ke sha idan bazara ta ƙafar da tafkuna. Mai gari da liman da Arɗo, shugaban makiyayan, suka zauna ƙarƙashin wata tsamiya, suka kira Malam. Suka yanke cewa a binne bututu ɗaya ta ƙarƙashin waya zuwa wani kwamin siminti a bayan lambun, a riƙa sakar masa ruwan da ya kwana a tanki kowace safiya kafin a fara ban-ruwa. Sannan mai gari ya ce masa kada ya rubuta wannan a ko'ina.

Ga yadda Malam ya maimaita maganar mai garin: "In ka rubuta, masu shiri za su ce a sa kuɗi, mu kuwa ba mu sayar wa maƙwabci ruwa. In kuma ka rubuta cewa kyauta ne, wata rana jikokinmu da nasu za su tsaya gaban alƙali da takarda a hannu, kowa yana cewa haƙƙinsa ne. A bar shi alheri." Mai garin da limamin duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Arɗo ya tabbatar mini da zaman, amma ya ce shi ne ya fara roƙon kada a rubuta. Ba ni da hanyar tantance wanda ya riga wani.

Na'ura kuwa ba ta buɗe makullin da ba a rubuta mata ba. Saboda haka Malam ya sa makulli na bakwai a cikin umarnin, ya rubuta a gefensa cewa na wanke bututu ne. Ya kuma sa a riƙa barin wani kaso na ruwa a tanki kowace yamma, ba tare da ya faɗi dalili ba.

"Ƙarya ka yi wa na'ura ke nan, Baba," in ji Hadiza.

"Bututun yana wankuwa kuwa. Tafi ki duba, duk lambun babu mai tsabtarsa."

Mummunar shekararsa ita ce ta rufe iyaka. Tunda ya haɗa da yankewar wutar lantarki, ina kyautata zaton rufewar ta biyu yake nufi, ko da yake wasu abubuwan da ya ambata sun fi kama da ta farko. Motocin Ɗan Issa suka tsaya a jere har ciyawa ta tsiro ƙarƙashinsu. Alhajin nan ya ce masa, "Malam, kowace mota ga ta nan ina kallonta, mi na'ura za ta gaya mini?" Ƴan kasuwa suka daina zuwa, yaran shagonsa biyu suka tafi neman wani abin, ɗaya ya nufi Agadas. Alhajin ya ara masa batirin ɗaya daga cikin motocin da ke tsaye, da shi ya riƙa kunna ordinatar ɗinsa. Ya koma gonar wake da ya daɗe da barin wa ƙannensa. Mutanen lambun ne ba su yanke da shi ba. Akwatinsu da rana yake aiki, bai san an rufe iyaka ba, kuma duk mai shigowa Madarumfa daga ƙauyen yakan sauke masa albasa ko kabeji ko ƙullin zogale a ƙofar shago, ko an kira shi gyara ko ba a kira shi ba. Iyakar abin da ya faɗa game da shekarar ke nan, sai ya ce a miƙo masa ruwa.

Abin da ya biyo baya ni na gan shi, sai farkonsa da na ji daga bakin Bashir. Bashir shi ne sakataren ƙungiyar lambun, saurayi ne da ya yi shekaru yana zuwa cin rani Najeriya, ya dawo da ƙwarewar gyaran waya. A ƙarshen sanyin da ya wuce tsohon akwatin ya ƙone. Malam yana Maraɗi ana duba masa ido. Bashir ya samo sabon akwati, ya kwafo tsohon umarnin, ya ba magatakarda ya sake rubuta shi yadda sabon zai gane. Kafin la'asar an gama. Na karanta abin da magatakardan ya rubuta daga baya, kuma wajibi ne in faɗi gaskiya, ya fi na Malam tsari. Yana raba ruwa gwargwadon girman sashe, yana aika saƙo idan famfo ya tsaya. Ya kuma ba Bashir shawara cewa wanke bututu kullum ɓarnar ruwa ce, sau ɗaya a mako ya isa. Bisa abin da aka nuna masa, shawarar daidai take. Bashir ya zaɓi ranar Juma'a. Shi da yawancin ƴan ƙungiyar sun ɗauka ambaliyar tanki ce ke cika kwamin da ke bayan waya, tunda haka suka taso suka gan shi. Kowa ya ji daɗi, domin ruwan kowa ya ƙaru. Tafkuna kuma ba su riga sun ƙafe ba, babu wanda ya leƙa kwamin.

Da bazara ta yi tsanani aka kira Malam da sassafe, na goya shi a moto, wato babur. Tun daga nesa muke jin kukan shanu. Garke ya taru a bayan lambun yana jin ƙanshin danshi, ya danne waya har ta kwanta a wuri ɗaya, wasu shanun sun shiga sun tattake kabeji. Samarin ƙauyen suna ciki da fartanya a hannu, samarin Fulani suna waje da sanduna, ana ta musayar maganar da ba zan rubuta ba. Arɗo, wanda tsufa ya rage masa tsawo, yana zaune a bakin busasshen kwamin.

"Lawali," ya ce, "ashe an sake magana ba a kira ni ba?"

"Ba a sake magana ba, Arɗo. Na'ura aka sake."

"An ce mini sai Juma'a take ba da ruwa yanzu. Gaya mata shanuna ba su san Juma'a ba."

Malam ya sa Bashir ya buɗe makulli na bakwai da hannu. Bututun ya yi huci, iska kawai ta fito. Tankin babu ko ɗigo, kuma famfo ba zai tashi ba sai rana ta hau kan allunan. Babu abin yi sai jira. Malam ya ja Bashir gefe ya gaya masa zancen tsamiya a taƙaice, ni ma a nan na fara jin sa, bayan duk hutun da na yi a shagonsa. Bashir bai tsaya kare kansa ba. Ya fito da waya ya gaya wa magatakarda a mayar da wanke bututu kowace safiya, nan take aka mayar. Ya tashi zai ɗora sabon umarnin a akwati, Malam ya ce, "Dakata. Isuhu, karanta mini."

Muka zauna a inuwar tanki, shanu na kuka a bayanmu, na fara karanta masa layi bayan layi. Sashen safe daidai yake. Na shiga sashen yamma, na karanta shi da sauri zan wuce, domin ban ga aibinsa ba. Malam ya dafa hannuna ya ce, "Faɗa mini abin da za ta yi." Na koma baya, na zama na'urar kamar yadda ya saba sa ni. Na ce za ta duba ruwan da ya rage bayan la'asar, ta raba shi ga sassa shida, ta ci gaba da rabawa har sai ma'auni ya nuna tanki ya ƙare. Ina faɗin kalmar ƙarshe na ji abin da na faɗa. Bashir ne ya ƙarasa, ya ce, "Ke nan gobe ma makullin zai buɗe a kan iska." Kason nan da Malam ke bari ya kwana, wanda ba shi da suna ba shi da dalili a rubuce, magatakarda ya share shi tun ranar farko, kuma da aka ce ya mayar da wankin bututu, abin da aka ce kawai ya mayar. Muka gaya masa a bar rubu'in tanki kowace yamma. Bai yi gardama ba, ya gyara, har ya ƙara cewa in ruwan bai kai haka ba a aika wa sakatare saƙo. Na sake karanta wa Malam daga farko har ƙarshe. Ya ce wannan ƙarin bai taɓa zo masa a rai ba.

Rana ta hau, famfo ya tashi, aka bar makulli na bakwai a buɗe. Da ruwan ya fara zuba a kwami, shanun suka juya da kansu suka bar wayar, samarin ɓangarorin biyu suka rasa abin da za su tsaya a kai. Zancen kabeji an kashe shi a ranar, Arɗo ya ce bayan girbi garkensa zai kwana a gonakin waɗanda aka yi wa ɓarna ya zuba musu taki.

Bashir ya kawo shawarar da ni ma na goyi baya, cewa a rubuta gaskiyar makullin a cikin umarnin domin kada a maimaita. Sabon mai gari, ɗan marigayin, ya zauna da Arɗo, suka ƙi. Suka ce yadda iyaye suka bar shi haka za a bar shi. Har yau abin da ke rubuce a gefen makulli na bakwai shi ne wanke bututu. Malam ya dube mu ni da Bashir ya ce, "To, ku biyu ne ke nan. In ɗayanku zai yi tafiya mai nisa, ya gaya wa wani mai iya karatun nan kafin ya tafi." Da na nemi izinin wannan rubutu sun ba ni bisa sharaɗin ɓoye sunan ƙauyen. Ban tabbata ko na cika nufinsu ba ko kuwa na kewaye shi ne, kuma na ga ya kamata in faɗi haka.

Muka gama ba Hadiza labarin. Sannan ta ce, "To ai wannan sanin mutane ne, Baba, ba informatik ba."

"Arɗo ya san mutane fiye da mu duka, yana zaune bakin kwami yana kallon iska. Bashir ya san waya. Sai da aka samu wanda zai bi layin nan da ƙafa kafin a ga ramin." Ya gyara zama. "Amma kada Yayanki ya ruɗe ki. Aikin buga haruffa ya tafi, ba zai dawo ba, ni kuwa ban yi kukansa ba. Abin da nake yi a wata guda, wanga magatakarda yana gama shi kafin azahar. Da ba don shi ba, da tuni na rufe shago, tunda ba ni ganin allo. Yanzu ni ke faɗa yana rubutawa, Yayanki yana karanta mini. Masu ƙananan ayyuka sun daina zuwa, suna yi da kansu a waya. Waɗanda ke zuwa yanzu, da abin da ya rubuta musu suke zuwa, ya yi aiki wata biyu ya tsaya, ba su san ta inda za su kama shi ba."

"Za su isa su ciyar da ni?"

"Wannan ban sani ba, ɗiyata. Ni sun ciyar da ni, har da kabeji."

Da muka koma gida na gaya wa mahaifinmu abin da na sani da abin da ban sani ba, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce ban san yawan aikin da zai rage nan da ta gama ba, kuma duk wanda ya ce masa ya sani, zato yake yi. Na ce abin da na gani shi ne na'urar tana rubutu fiye da mu, amma ba a kira ta zaman tsamiya ba, kuma irin wannan zaman yana da yawa a ƙasarmu. Na ce a ganina ta je.

"Ka tabbata?" in ji shi.

"Ban tabbata ba, Baba."

Sai ya ce, "Ni ma ban taɓa yin shuka da tabbaci ba. Ta shirya."

Hadiza ta yi rajista, kuma na lura ba ta yi gardamar da na zata ba. Ranar tafiyarta na raka ta tasha. Muna jiran motar Maraɗi ta cika, ta ce tana da tambaya ɗaya da ta hana kanta yi a gaban Baba Lawali don kada ya ga kamar raini ne. Ta ce ni na iya bin layin nan da ƙafa ne saboda an riƙe mini hannu shekara da shekaru, na rubuta da kaina, na kuskure da kaina, ba ni da wanda zan tambaya sai tsoho mai sa ni komawa layin farko. Ita kuwa magatakarda yana cikin jakarta, zai ba ta amsar kowane aikin gida kafin ta gama karanta tambayar, kuma ta san kanta, ranar da ta gaji za ta tambaye shi.

Daga tasha na wuce shagon Malam na maimaita masa tambayarta. Ya ce shi bai taɓa koyo ta wannan hanya ba, bai kuma taɓa koyar da wanda ya bi ta ba, saboda haka duk abin da ya faɗa ƙage ne. Na tambayi biyu daga cikin malamaina na jami'a ta waya, amsoshinsu suka saɓa wa juna. Don haka na bar tambayar a nan yadda ta yi mini ita: wanda bai taɓa shan wahalar rubutawa da hannunsa ba, ta yaya zai koyi gane abin da aka share?